Ranka Ya Daɗe, Ina Ɗalibanmu Suke Zuwa Bayan Sun Gama?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu na makarantar al'umma ta yara masu buƙata ta musamman da ke yankinmu na Tambuwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ina yi muku barka da shigowar kaka, Allah Ya sa albarka a abin da aka noma.

Ni ce Malama Balkisu, 'yar Kebbe, mai koyar da ajin ƙarshe na kurame. Kai ba sai na gaya maka ba, don tun ina ƙarama ka san ni. Abokin mahaifina ne kai, kuma da bakinka ka ce in zo in koyar a nan lokacin da na gama kwalejin horon malamai. Na faɗa ne saboda iyayen yara da sauran jama'a da za su karanta. Na zaɓi in yi maganar a fili ne don makarantar nan ta jama'a ce. Su suka yi aikin gayya aka gina ta, su ke kawo gero da dawa duk kaka don abincin yara. Kuma na zo gida, na zo ofis, ba sau ɗaya ba, ko a ce ka yi tafiya ko a ce kana hutawa.

Ranka ya daɗe, bari in fara da albishir, don har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta gama sauka ba. Bayan digirin farko da na yi a lokutan hutu, yanzu na samu gurbin karatun digiri na biyu a jami'a! Ba kuma a wani fanni can daban ba, a fannin da na daɗe ina nema ban ma san yana da suna ba: yadda ake shirya matashi mai buƙata ta musamman ya fita daga makaranta ya shiga rayuwar manya, ya sami sana'a, ya iya hulɗa da jama'a, ya riƙe kansa, ya riƙe gida. Ashe akwai mutanen da suka zauna suka mai da wannan ilimi mai zaman kansa, ana koyar da shi, ana bincike a kansa!

Ina cikin bas daga Kebbe zuwa Tambuwal saƙon jami'ar ya shigo wayata. Na karanta, na sake karantawa, ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi ba, har direba ya waiwayo. Wata tsohuwa da ke gefena rungume da kaji ta dafa ni ta ce, "Ɗiyata, haihuwa anka yi?" Na ce, "Inna, karatu na samu." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da girmanki? To, Allah shi ba da sa'a." Motar duka aka sa dariya, kowa na yi mini barka. Da wannan murnar na shiga makaranta, da ita na rubuta takardar neman izinin tafiya ƙaro karatu, na miƙa wa shugaban makaranta ya kai gaban kwamiti.

Bayan kun zauna, shugaban makaranta ya kira ni ofis. Bai iya duban idona ba. Ya ce kwamiti bai amince ba. Ba a kira ni an ji ta bakina ba, ba a kuma ba ni amsar a rubuce ba. Da na matsa, ya gaya mini dalilai uku da aka kawo. Zan zo kansu. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na farko, wai an ce, "Mu aikinmu mu koya musu karatu da rubutu. Abin da ya biyo bayan sun gama, wannan na iyayensu ne."

Ka yi haƙuri in ba ka labarin yaro ɗaya, don ta dalilinsa na nemi karatun nan.

Bashiru kurma ne, ɗan unguwarmu a Kebbe. An kawo mana shi ko sunansa bai sani ba. A hannunmu ya koyi maganar hannu, ya koyi karatu da lissafi, ya fita shi ne na ɗaya a ajinsu. Kai da kanka ka miƙa masa kyauta ranar yaye su, aka ɗauke ku hoto, aka yi tafi, kowa ya watse.

Damina biyu bayan nan na je gida hutun Sallah, na biya ta ƙofar gidansu. Na tarar da shi zaune gindin dogon yaro shi kaɗai, ya rame, rigar makarantar ce har yanzu a jikinsa duk ta koɗe. Na yi masa magana da hannu, sai na ga hannunsa ya yi nauyi, yana lalubo kalmomi kamar baƙo, don tun da ya dawo bai sami wanda zai yi hira da shi ba. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta fito ta ce, "Malama, kun koya mai boko kun maido muna shi. Gona ba shi zuwa, don yara na yi mai dariya. Kasuwa in na aike shi a cuce shi. Mi za ni yi da shi?" Da zan tafi, Bashiru ya riƙe bakin mayafina ya yi mini magana guda da hannu: "Makaranta ta ƙare, ni ma na ƙare."

Ranka ya daɗe, wannan shi ne ɗalibinmu na ɗaya. To ina ga na ƙarshe?

Na san tun yana makaranta ba abin da ke burge shi kamar inji. Duk lokacin da aka zo gyaran janaretan makaranta yana tsugune a wurin har a gama. Sai na roƙi Inna Kulu ta ba ni shi, na kawo shi Tambuwal wurin kawunsa, na kai shi garejin Malam Isah, bakaniken da ke gyaran injin ban ruwa na masu noman rani. Malam Isah ya karɓe shi don Allah. Amma abin bai yi nisa ba. A ƙwala masa kira ta baya, bai ji ba, sai a ce girman kai ne. A aike shi ya ɗauko wannan ya ɗauko wancan, a yi ta faɗa. Ran nan wani yaron gareji ya tada inji hannun Bashiru na kusa da bel ɗin da ke juya injin. Allah Ya tsare, ƙujewa kawai ya yi. Da yamma Malam Isah ya zo har makaranta ya ce, "Malama, zo ki ɗauki ɗanki. Ba ni son a ce a garejina anka gutsure hannun ɗan mutane."

Na kwana biyu ina juya maganar, sai na ga ai ba Bashiru ne bai shirya ba. Garejin ne ba wanda ya shirya shi. An kai yaro inda ba mai jin yarensa an ce ya yi aiki. Na koma na roƙi Malam Isah ya ba ni dama ta biyu. Duk bayan la'asar in an tashi makaranta sai in je garejin in zauna kan benci, in tara shi da yaransa, in koya musu maganar hannu daidai ta aikinsu: sifana, fulogi, baƙin mai, tada, kashe, tsaya, akwai haɗari. Muka kafa doka, ba mai tada inji sai ya taɓa kafaɗar Bashiru ya nuna masa. Da farko dariya suke, suna kwaikwayona. Kafin wani lokaci sai ga su suna yi wa junansu magana da hannu ko Bashiru ba ya nan. Malam Isah ya ce, "Wallahi Malama abin ga ya yi. Ai mu ma in inji na ruri duk kurame muke."

Ba gyaran inji kaɗai ba. Na shiga bas da shi daga Tambuwal zuwa Kebbe mu je mu dawo, har ya iya tsai da mota, ya nuna inda zai sauka, ya karɓi canjinsa. Na koya masa ya rubuta farashi a waya ya nuna wa mai inji kafin ya taɓa aiki, don kada a gama a ce ba haka aka yi ba. Na kai shi asibiti ya ga yadda ake yankar kati da yadda zai nuna wa likita inda ke masa ciwo.

Ranka ya daɗe, da ma ka ga Bashiru yanzu! Ranin da ya wuce, manoma daga fadamun Sanyinna da Dogon Daji suna kawo inji su ce shi suke so ya duba. Malam Isah kan goya shi a babur su tafi har bakin gona, wani lokaci ma shi kaɗai yake turawa. Ya yi ƙiba, yana dariya, yana tsokanar yaran gareji. Ya saya wa mahaifiyarsa akuya. Inna Kulu ta zo har gidanmu a Kebbe ta ce, "Malama, yanzu in anka zo nema nai, 'Ina bakanike?' ake cewa. Ba mai cewa 'Ina beben?'" Ranar na yi kukan daɗi a gabanta, ban ji kunya ba.

Sai dai gaskiya ita ce duk wannan lalube na yi, Allah Ya sa na dace. Wata ɗalibata da na kai wurin mai ɗinki da irin wannan dabarar, ba ta daɗe ba ta koma gida, har yau ban gano abin da ya hana ba. Wasu kuma ko inda suke ban sani ba. Na yi ta tambaya ko akwai inda ake koyon wannan aiki da tsari, har wata abokiyar karatuna ta turo mini sanarwar jami'ar.

Ranar da na je ganawa da malaman sashen, wata malama ta ajiye takarduna gefe ta ce, "Ɗalibanki da suka gama, ina suke yanzu?" Tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni kaɗai nake yi wa kaina. Na ba ta labarin Bashiru tun daga gindin dogon yaro har zuwa gareji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce abin da na yi a gareji yana cikin abin da suke koyarwa, amma su ba sa jira sai yaro ya gama ya zauna ya lalace. Tun da sauran shekaru kafin ya fita ake zama da shi, da iyayensa, da malaminsa, da mai sana'ar da zai karɓe shi, a tsara abin da zai yi. Kuma shi yaron ake fara tambaya, "Kai me kake so?" A makarantarmu, ranka ya daɗe, ba mu taɓa zama da yaro mun yi masa wannan tambayar ba.

Ta nuna mini darussan da za mu yi. Akwai yadda ake gano abin da yaro ya fi iyawa. Akwai yadda ake shirya wurin aiki da mai wurin kafin a kai yaro. Akwai yadda ake aiki da iyaye, waɗanda tsoro ke sa su ɓoye yaro a gida da waɗanda suka riga suka fid da rai. Akwai koya wa matashi sanin haƙƙinsa da tsaya wa kansa. Ina dubawa ina cewa a raina, wannan na wance ne, wannan na wane ne, da na san wannan da ba a yi haka ba. Abin da ya fi faranta mini rai, binciken da zan rubuta a ƙarshe a nan gida zan yi shi. Zan bi tsofaffin ɗalibanmu gida gida, Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan da ke tsakani, in ga inda kowa ya tsaya. Amfanin ba na jami'a ba ne, namu ne.

Yanzu ga amsata a kan dalilan kwamiti.

Na ɗaya, cewa abin da ya biyo bayan makaranta ba aikinmu ba ne. Cikin ladabi nake tambaya, to aikin wa ne? Inna Kulu ba ta iya maganar hannu ba, mu ne muka iya. Mu muka ɗauki yaron shekara da shekaru muka koya masa yaren da ba mai ji a gidansu, sannan muka mai da shi muka rufe ƙofa. Iyayen da ke kawo mana hatsi ba don hoton ranar yaye suke kawowa ba. So suke ɗansu ya zama mutum, ya ci da kansa, in sun mutu kada ya zama abin tausayi a hannun dangi. Idan karatun da muke ba su bai kai su can ba, rabin aiki muka yi. Kuma ban manta ba, an saki malamai biyu a baya sun je sun karanto harkar mulkin makaranta, na yi musu murna har na raka ɗayarsu tasha. Sai da aka zo kan karatun da ya shafi makomar yaran kansu aka ce ba aikinmu ba ne. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na biyu, cewa babu mai riƙe ajina. Akwai. Malam Nasiru na aji na biyar ya iya maganar hannu kamar ni, kuma ya ce ya yarda tun kafin in miƙa takarda. Da an kira ni da na faɗa.

Na uku, cewa in na samu digirin ba zan dawo ba, birni zai riƙe ni. Baba, ka ba ni dama in kira ka yadda na saba kiranka a gida. Ka san inda mahaifiyata take, ka san maigidana yana noma a nan, 'ya'yana a nan suke makaranta. Ni da na yi ta zaman benci a gareji cikin baƙin mai ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni, ni ce zan gudu? In kwamiti na son alkawari, a kira liman da iyayen yara, a rubuta shekarun da ake so in yi wa makaranta aiki bayan na dawo, in sa hannu a gabansu da farin ciki.

Akwai abin da ya faru makon jiya wanda ya sa na kasa haƙuri na ɗauki alƙalami. Bashiru ya zo gidana cikin sabon kaftani, sai sunkuyar da kai yake yana murmushi. Da ƙyar ya ɗaga hannu ya gaya mini. Aure yake so! Akwai wata yarinya mai kai awara garejin, tana ji tana magana, a wurin yaran gareji ta tsinci maganar hannu har suka fara hira, kuma ta ce tana son sa. Na yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

Da na natsu sai ya jero mini tambayoyi. Wa zai tsaya ya fassara masa in manyansa sun je wurin mahaifinta? In iyayenta suka ce suna tsoron 'ya'yan da za a haifa su zo kurame, me za a ce musu? Mene ne haƙƙin mata a kan miji? Ya ce duk Juma'a yana zuwa masallaci, yana ganin bakin liman na motsi, amma ba wanda ya taɓa fassara masa huɗuba ko ɗaya. In matarsa ta kamu da naƙuda yana barci, ta yaya zai sani? Wasu na amsa masa, na kuma ce zan raka manyansa in fassara. Wasu kuwa sun fi ƙarfin sanina. Saurayi ne mai sana'a, mai hankali, ya zo da tambayoyin da duk mai shirin zama magidanci ya kamata ya yi, kuma a duk faɗin yankin nan ni kaɗai ya ga zai iya tambaya. Ajina na bana cike yake da irinsa, maza da mata, baɗi za mu yaye su. Su ma za su zo da nasu tambayoyin.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Na ɗaya, kwamiti ya sake zama a kan takardata kafin jami'a ta rufe rajista a ƙarshen watan nan, a kuma kira ni in yi bayani da bakina. In aka rufe, gurbin ya wuce ni. In kuma na tafi ba da izini ba, na rasa aikina da yarana. Ba na son a sa ni zaɓi tsakanin biyun nan, don saboda ɗayan nake neman ɗayan.

Na biyu, kowace irin amsa aka yanke, a ba ni ita a rubuce da dalilinta.

Na uku, a gayyato iyayen ɗaliban ajin ƙarshe su zauna a wannan zaman. A tambaye su ko aikinmu ne ko ba aikinmu ba ne, mu ji abin da za su ce.

Na huɗu, ko an sake ni ko ba a sake ni ba, a ba ni izinin in fara zama da kowane ɗalibin ajina da iyayensa tun wannan zangon, mu fara tsara inda zai nufa. Abin da na sani kaɗan ne, amma ya fi a bar su haka.

Na biyar kuma gayyata ce. Ka biya ta garejin Malam Isah ko da a tsaye ne, yanzu da masu noman rani suka fara fito da injinansu. Ba sai ka yi magana ba. Ka taɓa kafaɗar Bashiru kawai, zai juyo, zai gane ka.

Ban rubuta wannan don in tozarta kowa ba. Na san dattawan kwamiti ba albashi suke ɗauka ba, don Allah suke yi, kuma da ba ku tsaya ba da makarantar nan ba ta kai yau ba. Murna ce ta cika ni har ta kasa zama a ciki, ina so ku taya ni, ku sa mini albarka in tafi in dawo mana da abin da muka rasa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar yaran nan, Ya jiƙan magabatanmu, Ya nuna wa kwamiti abin da ya fi zama alheri ga ɗalibanmu, na cikin aji da waɗanda ke zaune a gida. Allah Ya sa kana cikin waɗanda za su zauna a sahun gaba ranar ɗaurin auren Bashiru, ni kuma ina gefe ina fassara masa duk abin da liman ya faɗa.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Balkisu,
Ajin ƙarshe na kurame.